Ƙwaƙwalwar Aguara a Firjin Nelida

Duk garin Corrientes na ƙasar Ajantina ba wanda ya kai Don Eleuterio Zalazar warin maganin adana gawa. Wai ko sauro ya cije shi, nan take yake sandarewa, kuma ba ya ruɓewa har abada.

Tun yana da gashi a ka yake yanka ƙwaƙwalwar namun dawa masu cin nama, sala-sala, ko bawon albasa ya fi su kauri. Ya rina, ya miƙa wa Dakta Insaurralde, shugabarsa a ɗakin bincike. Ita kuwa ba ruwanta da komai sai talamus, ɗan curin nan na tsakiyar ƙwaƙwalwa inda saƙon ido da na kunne ke yada zango. Na dila sun gani, na kyanwar daji sun gani, na puma, damisar can ƙasar, har ya gundure su. Saura na aguara, karen dawan nan mai ƙafafu kamar gwangwala. Doka ta hana kashe shi, sai dai a jira mota ta buge. Eleuterio kuwa ya yi wa Dakta alkawarin ba zai ajiye aiki ya huta ba sai ya yanka mata ƙwaƙwalwar aguara. Yana ta jira har gwiwa ta tafi, ido ya bi ta, gashi ma ya gaji ya kama gabansa.

Wata Asabar wani direba ya bugo waya: ga aguara kwance a bakin titi, da ɗuminsa. Tsohon ya je, ya fasa kai, ya ciro ƙwaƙwalwa. Ɗakin bincike a kulle sai Litinin, don haka ya kai ta gida, ya tsoma ta cikin kwanon ruwan gishiri kamar yadda ake yi a wurin aiki, ya tura firji, ya zube ya hau minshari.

To, matarsa Nelida, kowace Lahadi sai ta yi taliyar nan mai cushe da ƙwaƙwalwar rago. Ita ma a ruwan gishiri take jiƙawa.

Yana tsakiyar faranti na biyu ta ce, "Kai tsoho, ashe ka iya cefane? Amma mahaucin nan ya cuce ka, ragonsa ƙarni gare shi."

"Wane rago?"

"Na cikin kwanon mana. Sai da na zuba tafarnuwa kamar zan kori aljani."

Ya kalli firji, ya kalli faranti. Ko ƙarfin ihu babu.

"Tsohuwa," ya ce, "kin dafa min hutuna."

"Ba ka ƙoshi ba ne? Akwai saura a tukunya."

 Sai ya miƙa farantin a ƙara masa. Zubarwa ai asara biyu ce.

Ran Litinin ya ja gwiwarsa ya koma. Dakta ta ɗago kai: "Don Eleuterio, har yanzu ba labarin aguara?"

Ya rataya hula, ya zauna kusa da waya, ya shafa ciki.

"Ya zo, ranki ya daɗe," ya ce. "Ya wuce."