Surin da Ya Ci Mini Hannu

Ranar da Baba Na-Allah makaɗin noma ya zo jin waƙoƙinsa a situdiyonmu na Tasawa ba ta taɓa fita raina ba. Laraba ce, manoma na ta sharar gona, ni kuwa hannuna na dama ɗaure da tsumma.

Bari in fara da aikin, saboda waɗanda ba su taɓa zama kan kujerar nan ba. Mu biyu ne a lokacin: mai gidanmu Malam Isuhu, mai karɓar mawaƙa da sa musu rana, sai ni tekinisiyan. Mawaƙi ya yi waƙarsa cikin awa biyu ya tafi, ni in yi kwana huɗu a kanta. Kowace murya da kowane kiɗa da layinsa a fuskar ordinater, wato kwamfuta. In yanke tari, in ja muryar ƴan amshi ta zauna daidai kan ganga, in ɗaga nan in sauke can. Duk da ɗan abin nan ake yi, wanda muke kira suri, wato ɓera da Faransanci. Ka danna, ka riƙe, ka ja, tun safe har la'asar. Shekara tara na yi da irin surin da ake haɗa maka kyauta idan ka sayi mashin.

Ciwon ya fara a wuyan hannu, ya haura har gwiwar hannu, ta kai ko buta ba na iya ɗagawa. Majo, babban ma'aikacin jinya na likita, ya duba ya ce jijiya ce ta gaji. Ya ba ni man shafawa, ya ce ko in sake yadda nake aiki, ko in sake aikin. Wana mai shagon hatsi a Mayahi dama ƙiris yake jira. Ya ce in zo in zauna masa shago, tunda harkar kiɗa ba sana'ar magidanci ba ce. Na amsa masa, amma raina bai so ba ko kaɗan, don ban iya komi a duniya kamar in ji murya in san inda ta karkace ba. Na gaya wa Malam Isuhu waƙoƙin Baba Na-Allah su ne na ƙarshe, in ma hannun ya bar ni na gama su.

Tsohon daga wani ƙauye yake arewa da Mayahi. Da ya miƙo hannu mu gaisa, sai na ba shi na hagu ina ba da haƙuri.

"Mi ya samu hannun, ɗana?"

"Suri ne, Baba."

Sai ya ja da baya yana salati. Ya tambaye ni wane suri, da wane lokaci, ko na yi bismilla. Ya ce a garinsu ko ɗan yaye ya san ba a sa hannu cikin surin gara, don yana da masu shi. Har ya fara faɗa wa Malam Isuhu irin zakaran da za a nemo, shi kuwa Malam dariya ta hana shi magana. Ni na ɗauko abin daga tebur na ce ga surin.

Baba bai yi dariya ba. Ya juya shi, ya ajiye, ya ce in yi aikin ya gani. Na yi kamar minti goma yana kallon hannuna, ko sau ɗaya bai dubi mashin ba.

"Saki. Aje hannun bisa tebur kamar za ka gaisa da mutum."

Na ajiye shi a tsaye, babban yatsa sama. Ya tambaya ko da ciwo, na ce babu. Ya ce in kife shi. Ina kifewa na ji abin ya ja har kafaɗa.

"To ka gani. Haka kaka kihe shi wuni guda, ko tuwo ba a ci haka." Ya zaro sandar kiɗansa ya nuna mini lanƙwasarta, ya ce sau uku ya sassaƙe ta kafin ta yarda da hannunsa. "Ni ban taɓa kiɗa da sandar wani ba. Kai wa ya auna maka wagga?"

Kunya ta kama ni. Ni da nake wuni ina gardama kan mikro da bafule, wato lasifika, ban taɓa tunanin abin da ke cikin tafin hannuna ba.

Malam Isuhu ya kira wani mai sayar da kayan ordinater a Maraɗi, aka aiko mana iri uku ta taksi don in gwada. Na ba kowanne kwana biyu. Na farko faifai ne da ake shafawa da yatsa. Da zafin Tasawa da gumi, in na nufi nan sai ya kai ni can. Na biyu mai ƙwallo ne a sama, ba ya motsi a tebur, yana da daɗin jan dogon layi, amma babban yatsana ya ƙi shi. Na uku shi ne mai tsaye, mummuna kamar ƙahon rago, ana riƙe shi yadda ake gaisawa. Ranar farko da shi na goge amshi guda na waƙar Baba bisa kuskure, sai da na maido. Rana ta biyu aka kira la'asar, na lura ban tsaya yarfa hannu ba tun safe.

Ba zan ce muku suri kaɗai ya warkar da ni ba. Kafinta ya rage wa tebur tsawo, na ci gaba da man majo, na koyi tashi duk bayan awa. Kuma abokin aikina na yanzu mai ƙwallon yake so, ko kyauta ba ya karɓar nawa.

Sati uku na gama waƙoƙin, kafin ruwan shuka. Daga nan na kira wana, na ba shi labarin Baba Na-Allah, na ce ya nemi wani mai zaman shago. Sai ya ce: "To, Allah shi ba da sa'a. Amma ka turo min waƙoƙin tsohon nan, shi ya yi ma babanmu kiɗa ranar gayya." Ban taɓa sanin haka ba.

Abin da na koya shi ne, masu wannan sana'a muna kula da kunnen kowa, mu manta da jikinmu. Shi ya sa duk wanda ya zo koyon aiki wurina, kafin in kunna masa mashin, sai na ce ya buɗe hannunsa in gani.