Tarun da Baba Bai Ƙarasa Ba

Ranar Talata ce, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, a ƙarshen shekarun casa'in, ina aji biyar a lekol, wato makarantar boko. Na dawo da azahar na tarar da Inna tana juya tarwaɗa a kan wayar banda, hayaƙi ya cika tsakar gidanmu na Ngueli. Ban ko ajiye jaka ba muka ji babur ya tsaya a ƙofa. Baba Sale ne, abokin kamun kifin mahaifina, wanda suka tafi tafkin Chadi tare wata huɗu da suka wuce. Ya yi sallama ya shigo shi kaɗai, da buta da tabarma da wani buhu. Butar na fara ganewa, domin ni na ɗaura mata jan ƙyalle don kada ta ɓata cikin na mutane. Ya durƙusa daga nesa ya ce, "Maman Rabi, sai haƙuri. Malam Isa ya riga mu. Zazzaɓi ne, kwana uku, a wani tsibiri. Can muka yi masa sutura." Inna ta yi salati, ta zauna a ƙasa. Kifin ya ƙone a kan wuta, babu wanda ya tashi ya sauke shi.

Baba ba mutumin tafki ba ne. Kakanmu ya taso daga yamma zai tafi Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin Logone, ya zauna ya koyi sana'ar su, a nan aka haifi Baba. Daga ƙofar gidanmu ana hango kwale-kwalensa. Da safe kafin lekol ni ke zuwa gaɓa da kwano in ɗauko abin da ya samu, in feɗe, in wanke, Inna ta jera a kan wuta, wanda ya bushe kuma ta kai shi kasuwar Moursal a ƙaramar bas. Da la'asar mu yara muna wasan langa a kan rairayi, shi kuwa yana zaune a inuwa da zare da allurar katako yana saƙa. Bai taɓa sayen taru ba. Kowane idon taru sai ya zura yatsunsa uku a ciki kafin ya ƙulle. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Wanda ya wuce ta nan, na baɗi ne."

Sama da gadar Ngueli kaɗan akwai wani lungun ruwa mai ciyawa da muke kira Gindin Kanya. Nan kifi ke shiga ya yi ƙwai. Da zarar ruwan sama ya sauka kogi ya fara cika, Sarkin Ruwa, wani tsoho mai ido ɗaya, yakan kafa sanda a bakin lungun ya ɗaura mata kaba. Muddin kabar nan na ɗaure, ko ƙugiya ba a jefawa. In ruwa ya janye sai ya sa rana ya kwance, a shiga gaba ɗaya, kuma abin da aka kama a makon nan shi ke riƙe gidaje da yawa har bazara. Baƙi ba su san wurin ba. Daga kan hanya ciyawa kawai ake gani.

Ina aji uku 'yan kulob suka fara zuwa. Ƙungiya ce ta wasu manyan ma'aikata na cikin gari da Turawa kaɗan, suna isowa ranar Lahadi a manyan motoci da akwatunan ƙanƙara. Sandunansu na kamun kifi sirara ne, zarensu dogo, suna kaɗa shi a iska kamar mai korar tsuntsu a gona. Ba sa sa tana. Gashin tsuntsu da zare mai launi suke naɗa wa ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro. Tsage suke nema, mai haƙoran nan. In sun kama sai su ɗaga shi a ɗauke su hoto, su cire ƙugiyar, su mayar da shi ruwa da tsagaggen baki. Mun yi ta dariya da farko. Inna ce ba ta yi ba. Ta ce, "Wanda ke wasa da abincin mutane bai taɓa kwana da yunwa ba ne."

Sun ce kogi suke so su ceta. Ba zan ce ƙarya suka yi a kan raguwar kifi ba. Akwai masu jan gidan sauro a ruwa su kwashe har da 'yan ƙanana, akwai masu zuba maganin ƙwari, kuma Baba ya fi kowa tsanar su, ya taɓa fasa wa wani baki a kan haka. Amma 'yan kulob ba su taɓa zama da Sarkin Ruwa ba ko sau ɗaya. A idonsu duk mai taru ɓarawo ne. Sukan wuce Baba a gaɓa ba gaisuwa, su ɗaga tarunsa da bakin takalmi suna magana da Faransanci, suna zaton babu mai ji. Ni ina ji.

Shugabansu wani dogo ne mai hular kaki, muna ce masa Musye Dogo. Wata Lahadi da rani ya same ni ina wanke kwano, ya yi mini magana da Larabcinsa na koyo, da ya ji ina Faransanci sai ya tsuguna. Ya yabi lekol ɗinmu. Ya ciro ƙwaron nan na gashi, kore da ja, ya datse ƙugiyar ya miƙo mini. Ban taɓa riƙe abu mai kyau haka ba. Sannan ya tambaye ni ko na san inda kifi ke yin ƙwai. Ina jin haushin yadda suke raina Baba, ina so ya san mu ma mun san tsare ruwa. Na shige gaba ya bi ni har Gindin Kanya, na nuna masa ramin da ake kafa sanda, na ba shi labarin kaba duka. Ya rubuta a ƙaramin littafi, ya ce ni yarinyar kirki ce.

Kafin damina suka kafa allon ƙarfe a kan siminti, daidai wurin sandar. Dattawa suka taru, Baba ya sa aka kira ni in karanta musu. Na karanta cewa an hana kamun kifi da taru a wannan wuri, sai da sanda irin tasu, kuma a mayar da abin da aka kama. Baba ya ce, "To yaushe za su kwance?" Na sake duba allon, na ce ba a rubuta ba. Sarkin Ruwa ya ce tun da yake bai taɓa jin rufin da ba shi da ranar buɗi ba, ya ɗaura kabarsa a jikin allon kamar yadda ya saba. Ruwa ya cika, ya janye, Sarkin Ruwa ya kwance kabar.

Ranar buɗi da hantsi, ana tsakiyar jan taru, motoci biyu suka sauko, ta 'yan kulob da ta masu kaki da suka ɗauko. Aka tara taruna a kan rairayi. Baba ya ɗaga nasa, ya zura yatsu uku a ido ɗaya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana nunawa, yana cewa da Larabci, "Ku duba. Ku auna mana." Babu wanda ya duba. Aka zuba fetur, aka cinna wuta. Musye Dogo na tsaye a gefe da abin ɗaukar hoto. Ya gan ni, ya ɗaga mini hannu. Na ɓuya a bayan Inna.

Da yamma Baba ya zauna ba ya cin abinci, ya ce, kamar da kansa yake, "Wa ya kai su Gindin Kanya? Daga hanya ba a ganinsa." Ina zaune kusa da ƙafarsa. Ƙwaron yana cikin littafin lissafina. Baba bai zargi kowa da suna ba, amma ya daina gaisawa da wani maƙwabcinmu da ke wanke wa 'yan kulob mota, har ya tafi ba su shirya ba. Ya yi watanni yana dakon kaya a kan gada, ya sayi zare ya fara sabon taru, ya ga ko ya gama babu inda zai jefa shi. Shi ne ya bi Baba Sale tafki, ya yi aiki a jirgin wani. Abin da ke cikin buhun nan ke nan: tarun, ya kai rabi, allurar na maƙale a inda ya tsaya.

'Yan kulob sun watse bayan 'yan shekaru. An canja wa wasu wurin aiki, wasu sun sami wani abin yi ranar Lahadi. Babu ɗayansu da ya zo mana gaisuwa. Sarkin Ruwa bai sake ɗaura kaba ba, ya ce wanda aka ƙone tarun mutanensa a gabansa ba shi da bakin hana kowa. Da aka daina gadi, masu gidan sauro suka shiga lungun a kowane wata. Yanzu in na je ganin Inna nakan biya ta can. Kanyar ta faɗi, motocin yashi sun cinye gaɓar, leda ta rufe ciyawar. Allon na nan, ya yi tsatsa, mata suna shanya a kansa. Ban yafe wa 'yan kulob ba, kuma na san ba su kaɗai ne ke da laifi ba.

Tarun yana rataye a ɗakin Inna, duk shekara tana sauke shi ta kaɗe. Maƙwabcin nan ya rasu bara. Inna ta tsufa, kuma har yau ban gaya mata ni na kai su ba.