Malam Muttaka, Mai Ganin Ruwa a Ƙarƙashin Dutse

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Laraba, goma ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Muttaka na Mandawari, malamin kimiyya a jami'a, bayan gajeriyar jinya.

Muttaka, tare muka yi allo. Ni na ƙare a haƙar burtsatse, kai ka bi boko har ka ƙera na'urar da kake kira ta kwantam, mai amfani da ƙwayoyin zarra ta gane abin da ke binne. Na sha yi maka tsiya cewa tukunyar tuwo ka ɗora wa waya. A Goron Dutse, inda na haƙa na gaji, ka auna da ita, ka nuna mini gindin wata katanga, na haƙa, ruwa ya ɓalle. Ko sisi ba ka karɓa ba.

Ran nan kowa na murna, kai kaɗai ka yi jugum. Da na matsa, ka ce, "Ɗalha, ba tausayi ya hana manyan ƙasashe yaƙi ba. Kowacce ta ɓoye jirage masu nutso a teku, ɗauke da makaman ƙare-dangi, shi ya sa ba mai taɓa wani. Dangin na'urar nan tawa kuwa za su gano jiragen. Ranar da maɓoya ta ƙare, kowa zai so ya riga ɗan'uwansa harbi."

Wani kamfanin waje ya yi ta zarya a zaurenka don na'urar. Ka ba su shayi, ka raka su bakin lungu, ka ce ruwa kake nema.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar addu'ar uku mutanensu sun zo, sun shafa fatiha yadda ya kamata. Ba su tambayi ciwon da ya ɗauke ka ba, Bahijja suka tambaya, 'yarka da kuka haɗa na'urar tare. Sun yi mata tayin aiki, ga ƙanne a gabanta. Jiya ta durƙusa ta ce, "Baba Ɗalha, kai ne ubana yanzu, me ka gani?" Wallahi tsoro nake ji.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Kande da yara da jama'ar Mandawari. Ita kuwa Bahijja, Juma'a mutanen kamfanin za su dawo jin amsarta. Allah Ya kai mu, Ya sa mini kalmar da kai za ka faɗa.