Ƙwallon da Habu Bai Gani Ba

Duk wanda ya san Habu direba a unguwar Cheetham Hill ta Manchester ya san shi da iya cafe abu. Ka jefo masa makulli daga saman bene, ko ƙullin yadi daga bayan mota, hannu ɗaya zai miƙa ya cafke yana ci gaba da hirarsa. A kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ya koya tun yana saurayi, inda ake jeruwa ana wurgo kankana daga kan babbar mota, wanda ya fasa ɗaya kuwa ya sha zagi har la'asar.

Karatu ne ya kawo shi Ingila. Ya yi digiri na biyu a Birmingham, ya nemi aikin ofis har takalminsa ya gaji, daga ƙarshe ya koma Manchester ya kama tuƙin motar kaya a wani babban sito na yadudduka. Kullum yana kan hanya, yana raba kaya a shaguna har unguwannin Aston da Erdington na Birmingham. Da tuƙin nan ake biyan haya, da shi ya ɗauko matarsa Raki daga gida, da shi 'yarsu ɗaya tilo Hanan ta girma har ta shiga sakandare.

Maƙwabcinsa Dalyop, mutumin Jos, ma'aikacin jinya, shi ya ja shi zuwa wasan besbol. Wasan Amurkawa ne: ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗaya ya maka shi da kulki ya ruga da gudu, sauran su baje a fili da safar hannu ta fata suna jiran cafewa. Ƙwallon bai fi lemo girma ba, amma tauri sai ka ce dutse. Ƙungiyar tasu kuwa tarkace ce, direbobi da ɗalibai da wani mai gyaran famfo, sai tsohon Baturen da ke horar da su, wanda bai gajiya da ba su labarin wai a zamanin kakansa har albashi ake biyan 'yan besbol a garin. Can ƙarshen fili aka ajiye Habu, inda ƙwallaye masu nisa ke faɗowa, kuma shekara da shekaru da wuya ka ga ɗaya ya taɓa ƙasa a gefensa. Shi ne kuma mai tuƙa su duk ranar da wasa ya kai su wani gari.

Kakar wasan bana ta fara ne ana gama azumi. A wasan farko wani ƙwallo ya faɗi dab da ƙafarsa ta hagu yana tsaye yana kallon sama. Aka yi dariya, aka ce gajiyar azumi ce ba ta sake shi ba, shi ma ya yi dariyar. Amma ya san ba kuskurewa ya yi ba. Sam bai ga ƙwallon ba.

Habu ya san wannan abu, ya san shi fiye da yadda yake so. Mahaifinsa Malam Jumare tela ne a Fagge, kuma haka nasa ya fara. Yau ya ture kofi, gobe ya bugi ƙyauren ɗaki da kafaɗa, mutanen gida suna cewa Malam ya cika gaggawa. Ganin ya riƙa tsukewa daga gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta ramin makulli, sannan ramin ya toshe. Habu ne auta, don haka shi aka miƙa wa bakin sanda. Sa'anninsa suna aji, shi yana gaba Malam yana baya, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa asibiti, yana ta faɗin, Baba kwata, Baba tudu. Yana ƙaunar mahaifinsa har cikin ransa, kuma ya tsani sandar nan. Ranar da aka haifi Hanan, addu'ar da ya fara yi a ɓoye ita ce kada Allah ya sa ta riƙe wa kowa sanda.

Mai hankali zai ce ya tafi wurin likita. To, Habu bai je ba, kuma ni dai haushinsa nake ji a nan. Ya ji ana cewa da zarar likita ya ga matsala a idon direba, magana za ta kai hukumar lasisi, kuma shi ke nan an karɓe tuƙi. Sai ya aika wa yayansa a Kano, aka haɗo masa kwalli mai kyau da zuma farar saƙa ta hannun wani ɗalibi. Da Raki ta gan shi da ido rangaɗau da kwalli, ta yi ta tsokanarsa wai ko angonci ne ya dawo, ya ce mata sunna yake rayawa. Kowace safiya sai ya kulle banɗaki, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kalli madubi. Fuskarsa tana nan, amma tawul ɗin da ke rataye a hagu ya ɓace, sai ya juya kai yake dawowa.

Haka kakar ta yi ta tafiya. Ya koyi dabarar karkata jiki yana fuskantar mai dukan ƙwallo da gefen dama, ya riƙa juya kai kamar mai neman wani a taron biki. Wasu ƙwallayen ya cafe, wasu suka wuce. Ƙungiyar ta ci wasanni fiye da yadda ta saba, ana ta murna, shi kuwa ranar Lahadi da ake wasa ta zame masa ranar fargaba. A kan titi abin ya fi muni. Wata rana da hantsi, a wani shataletale a Aston, sai ji ya yi an daki jikin motar da hannu ana ihu. Wata mata ce a kan keke, ta hagunsa, saura ƙiris ya matse ta da bakin titi. Ya samu wuri ya tsaya, ya yi ta salati. Ya rantse gobe zai kira likita. Da gari ya waye ya ɗauki makulli ya tafi aiki.

Wasan ƙarshe a Birmingham aka yi, a wani fili kusa da Erdington. Habu ne ya tuƙo su a bas ɗin da suka yi haya, har da Raki da Hanan da kular dambun shinkafa. Ana tsakiyar wasa, wani ɗan ƙungiyarsu ya tsinci ƙwallo ya wurgo masa daga hagu da dukkan ƙarfinsa, irin jifan da Habu ke cafewa ko yana hamma. Habu yana kallon gaba. Ƙwallon ya same shi a kunci, ya zube.

Dalyop ne ya fara isowa. Ya duba ƙashin, ya ce bai karye ba, sannan ya ce masa ya kafa ido a kan hancinsa, ya faɗi yatsu nawa ya ɗaga. Ta dama Habu ya faɗa daidai. Sai Dalyop ya tsaya yana jira, Habu ma yana jira, can ya gane ashe hannun yana sama tuntuni ta hagu.

"Tun yaushe?" in ji Dalyop, ƙasa-ƙasa.

"Tun azumi."

"Kuma kai ka tuƙo mu a babbar hanya yau. Da 'yarka a ciki."

Habu ya roƙe shi ya rufa masa asiri, ya ce bari dai ya mayar da su gida, daga nan zai san abin yi. Dalyop ya kama hannunsa ya tashe shi. An ci su a wasan, kakar ta ƙare, aka ci dambu a bakin fili.

Da aka zo tafiya, Hanan ta riga kowa ta haye kujerar gaba kusa da direba. Habu ya shiga ya zauna, ya sa makulli, ya ɗaga kai ya kalli hanya. Tana ba shi labarin yadda ta tsorata da ya faɗi, muryarta a kunnensa, ƙamshin man gashinta a hancinsa, amma a idonsa kujerar nan babu ita, babu kujerar ma. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya zare makullin ya sauko, ya miƙa wa Dalyop, ya zagaya inda Raki take tsaye da kula a hannu.

"Maman Hanan, ciwon Baba ne ya kama ni."

Ta daɗe tana kallonsa. "Kwallin ke nan," ta ce. Har Manchester hannunta yana kan gwiwarsa duk tsawon hanyar.

A asibitin ido aka ce hawan jinin ido ne, kuma yana bin jini. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ana sa ran riƙe shi da maganin ɗigawa, in ya kiyaye. Da ya zo da wuri, da abin da ya rage ya fi haka. Tuƙi kuwa an ce ya dakata sai an yi masa gwaji, kuma Habu ya san yadda gwajin zai kasance. Mai sito ya ce zai duba ko akwai gurbi a wurin ɗaure kaya.

Ranar an zuba masa wani magani da ke buɗe ƙwayar ido, duniya ta zama fari fat, ba ya iya karanta ko lambar bas. Raki tana wurin aiki ba a ba ta izini ba, don haka Hanan ce ta rako shi. Da suka fito ta kama hannun rigarsa ta shige gaba.

"Baba, akwai step," ta ce.

Ya tsaya cak. Ya laluba ya taɓa kafaɗarta, ya ji kaurin rigar makaranta, sai a lokacin ya tuna yau Talata ce, kuma ƙawayenta suna aji.

"Na yau ne kawai, kin ji ko?" ya ce. "Gobe makaranta za ki."

"To, Baba," in ji ta. Ba ta saki hannun rigar ba, shi ma bai ce ta saka ba, ya ɗaga ƙafa ya taka inda ta ce.