Telan da Ya Gano Sunan Najaha

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki rumfar Cha'ibu Tela a kasuwar Matameye ya san ba ya fita da awon wuya da na hannu kawai. Kana tsaye yana zagaya ka da zaren awo zai ce, "Wai kakarka ta wajen uwa 'yar Dungu ce ko aure ya kai ta?" In ka amsa ya ɗauko kaye, littafin rubutu irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, daga ƙarƙashin keken, ya lasa bik, wato biro, ya rubuta. A gefen kowane suna yakan sa sunan wanda ya faɗa masa. In baki ɗaya ne ya faɗa, da fensir yake rubutawa. Sai ya ji daga baki na biyu, wanda bai zauna da na farkon sun shirya ba, sannan ya bi kai da bik.

Mutane na ce masa mai son zumunci. Haka ne, amma ba daga nan abin ya soma ba. Yana da shekara talatin da biyu lokacin da Alhaji Ummaru ya rasu, mutumin da ya tashi yana ce wa Baba, wanda sunansa ke kan kartinsa na shaidar ɗan ƙasa. Ranar rabon gado aka zauna a zaure, malamin ya lissafa 'ya'ya, bai ambace shi ba. Ya ɗaga kai, kowa ya sunkuyar da nasa. A ranar ya ji cewa riƙonsa aka yi, shi da ƙanwarsa Rukayya. Ubansu wani ƙanen Alhajin ne da ya rasu tun suna goye. Gonar ba ta dame shi ba, yana da keke yana da hannu. Abin da ya yi masa ciwo shi ne gida guda, har matan da ke yi masa wasa, duk sun sani shekara talatin, shi kaɗai ke yawo da labarin da ba nasa ba. Washegari ya sayi kaye na farko. Yau sun kai goma sha tara, ɗaure da ƙyalle a cikin tsohuwar akwatin ƙarfe. In an ce don Allah yake yi, gaskiya ne. In an ce har yanzu amsa yake mayar wa wancan zauren, shi ma ba zai musa ba.

Rukayya ta riga shi gidan gaskiya, tun daminar shekarar yunwa ta dubu biyu da biyar. Ta bar ɗa guda, Marwan, wanda ke cin rani a Kano yana gyaran waya, ya dawo in ruwa ya sauka. Bana Marwan ya dawo tun kafin ruwa, da magana: yana son Najaha, 'yar gwaggonsa Saratu ta Kurni, wadda ke koyon aikin jinya a Damagaram. Taubasai ne, tun suna yara yake ce mata baiwarsa, ita kuma ta ce masa bawan gidansu. Kowa ya yi murna, har an sa ranar kai kaya.

Sai Hajiya Maryam, yayar Saratu da uban Marwan, ta aika murya a rukunin dangi na waya. Ta ce ita ba za ta shiga kabari da wannan ba. Lokacin da Saratu ta zo haihuwar fari gida Matameye, nononta bai zo da wuri ba, Rukayya ce, tana goyon Marwan, ta shayar da jaririyar har kwana bakwai. Da idonta ta gani. Wani ya ɗauko hoton takardar haihuwar Najaha ya sa: Matameye, dubu biyu da uku. Baki ya faɗa, takarda ta gaskata. Nono ɗaya suka sha, wa da ƙanwa ne, babu aure.

Marwan ya zo rumfa da hantsi, ya zauna a kan benci bai ko gaisa sosai ba.

"Kawu, ƙarya take. Tun bara take min tallar 'yarta."

"Ka gaishe ni tukuna, ɗan Kano."

"Ina kwana, Kawu. Ƙarya take."

"Lafiya lau. Mai yiwuwa tana son ka auri 'yarta. Mai yiwuwa kuma ta gani ɗin. Mutum na iya son abu, kuma abin da ya faɗa ya zama gaskiya. Kai ma kana son ta zama ƙarya. Ni na fi ka so. Shi ya sa ni da kai ba shaidu ba ne."

"To me kayenka suka ce?"

Cha'ibu ya buɗe na bakwai. Ga layin: Saratu, matar Illa na Kurni, 'ya ɗaya, Najaha. Da bik. Ya duba gefe don ganin wa ya faɗa masa, sai ya ga ba kowa. Daga takarda ya kwafa, ya ɗauke ta a matsayin baki biyu. Ya daɗe yana kallon layin. Shi da ya san sunan da ke kan kartinsa ba na ubansa ba ne, shi ne ya yarda da takarda ba tambaya.

Ya sallami Marwan. Ya rufe rumfa, ya fara da gidan Hajiya Maryam, don ya saba fara bincike daga wanda maganarsa ta fi yi masa ɗaci. Ya tambaye ta wane ɗaki, wane wata, wa ke hura wutar wankan jego. Ta amsa duka ba gargada, har launin zanen goyon.

"Kai ma ka zo ka ƙaryata ni ne, Tela?"

"A'a Hajiya, na zo in rubuta ki ne."

Ya fito yana juya maganar. Matar nan ba ƙarya take ba.

Kwana biyu bayan haka ya hau kabu-kabu zuwa Kurni, da sunan zai auna Najaha, tunda an riga an ba shi atamfa. Ta zo hutu. Ya same su a tsakar gida, Saratu zaune a kan turmi, kan 'yar a cinyarta tana yi mata kitso. Idon yarinyar ya kumbura da kuka, uwar na ta zolayarta don ta yi dariya, tana ja mata kunne, tana ce mata mai kan kwakwa. Da aka kawo fura, ludayi ɗaya suka riƙa miƙa wa juna.

Nan wani abu ya motsa a ransa. Kowa ya san Saratu ba ta faɗin sunan Najaha, "ke yarinya" take ce mata, kuma kowa ya ɗauka kunyar 'yar fari ce. Amma Saratu mace ce ta zamanin da, irin wadda ba ta cin abinci gaban suruki. Irinta ba ta ɗora kan 'yar fari a cinya gaban baƙo, ba ta shan fura da ita, balle wasa. Sunan take gudu, yarinyar kuwa ba ta jin kunyarta ko kaɗan.

Ya yi awonsa, ya aiki Najaha ta nemo masa goro a bakin hanya. Sannan ya gyara zama.

"Saratu, shekara nawa kuka yi a Katsina ke da marigayi Illa?"

"Bakwai, Malam Cha'ibu. Ko takwas."

"Muna nan muka ji an ce kun rasa yarinya a can. Ni ban zo gaisuwa ba, ki yafe ni. Ban kuma taɓa tambaya ba. Ba ni labarinta."

Kowa ya ɗauka jaririya ce da suka haifa a can, amma shi bai ce babbar ko ƙaramar ba. Ya daɗe da sanin cewa in ka sa wa mutum amsa a baki, ita zai mayar maka, don kunya ko don ya rabu da kai.

Saratu ta ɗauki tsinken kitso tana juya shi. Kaza ta zo ta leƙa kwanon furar ta wuce.

"Ta fara magana," ta ce. "Tana cewa ruwa, tana cewa Baba. Ƙyanda ce."

Jaririya ba ta cewa ruwa. Babbar ce ke nan, Cha'ibu ya ce a ransa.

"Ina da tsohon cikin wannan a lokacin. Ranar da aka yi husufin rana da hantsi, gari ya yi duhu kaji suka shiga akurki, ina zaune da cikin, sati uku da binne waccan. Bayan kwana goma na haihu. Da muka dawo za a sa ta lakwal, mushen lakwal, malamin, ya ce sai da takardar haihuwa. Ita ba ta da ko ɗaya, a Katsina aka haife ta, a ɗaki. Ubanta ya ɗauko ta yayarta ya miƙa. Shi ke nan sunan ya bi ta."

"Ranar suna wane aka raɗa mata?"

"Na mahaifiyarsa. Ka san ba zan faɗa ba. Shi Uwata yake ce mata har ya rasu."

Cha'ibu ya san sunan, yana cikin kaye na huɗu: Jamila. Mace da 'ya ɗaya, suna biyu, babu wanda bakinta zai iya furtawa, ɗaya na kabari, ɗaya na suruka.

"Kina ji ana raba su, kika yi shiru?"

Ta ɗago, idonta jawur. "Birebe ɗinta na jarrabawa, da duk takardun Damagaram, da sunan wa suke? In na yi magana a ce takardar matacciya ce, a kore ta. Miji wani zai zo. Karatun fa? Kuma in ce mata me? Shekara goma sha tara kina amsa sunan yayarki?"

Ya so ya yi mata faɗa, don ya san wannan shirun, a cikinsa ya girma. Amma yana kallonta sai ya ga matan gidan Alhaji Ummaru, ya ga wataƙila su ma ba mugunta ba ce ta rufe musu baki. Shekara kusan talatin yana riƙe da su a rai, yau ya fara ganin abin ta gefensu.

"Ba na cikin rukunin waya," ya ce. "Kayena ba na meri ba ne, hukuma ba ta duba shi. Amma ita sai kin faɗa mata da bakinki, yau, kafin ta ji a zaure kamar yadda na ji nawa."

A kan hanyar komawa ya yi ta lissafi. Rukayya ta rasu da damina, husufin kuwa sai da rani na gaba. Macen da ke kabari ba ta shayar da wadda ba a haifa ba. Ya kusa kiran Marwan, ya mayar da wayar aljihu. Baki ɗaya ne, kuma bakin uwa, wadda ke son 'yarta ta daina kuka. Da fensir ya rubuta.

Sai da ya yi kwana biyar kafin ya samo Shekara, tsohon abokin cin ranin Illa, a Dungu, yana sassabe a gona.

"Tela, ɗinki ya ƙare a Matameye ne ka biyo mu daji?"

"Na ji an ce wandonka ya yage tun bara, na zo ganin abin kunya. Zauna mana. Zamanku na Katsina, suna nawa ka ci a gidan Illa?"

"Ɗaya. Ni na riƙe ragon. Jamila, takwarar tsohuwarsa. Bayan duhun nan ne da 'yan kwanaki, ina tunawa don mutane na cewa yarinya ta zo da haske. Babbar, 'yar Matameye, ni na ɗauke ta a hannu zuwa maƙabarta. Me ya faru?"

"Ba komai. Allah Ya ba da damina."

A ƙarƙashin gawo ya zauna ya bi layin da bik.

Su huɗu suka zauna a zauren Malam Habibu limamin unguwa: shi, da liman, da uban Marwan, da Hajiya Maryam daga bayan labule. Cha'ibu ya karanta wanda ya faɗi kowace magana da inda ya faɗa. Ya fara da cewa duk abin da Hajiya ta ce gaskiya ne, bai sami ko zare ɗaya da ya warware ba. Liman ya ce hukuncin nono yana kan wadda ta sha, ba ya tsallakawa zuwa ƙanwarta.

Muryar Hajiya Maryam ta fito daga bayan labule.

"Ashe 'yar nan da na yi wa wanka ta mutu, ina ta gaishe da wata a madadinta? Shekara nawa Saratu na ɗauke da wannan ita kaɗai?"

Ita da kanta ta sake aika murya a rukunin, ta ce an bincika, liman ya ce babu haramci, wanda ke da tambaya ya zo gidanta. Ba wanda ya je.

Najaha ta zo karɓar ɗinki ana sauran kwana uku ɗaurin aure. Ta tsaya a bakin rumfa tana murza gefen mayafi.

"Kawu, Inna ta ce a wajenka yake a rubuce. In gani?"

Ya buɗe mata. Layi biyu ne yanzu a ƙarƙashin Saratu. Ta sa yatsa a na farko, ta daɗe, sannan ta gangara na biyu.

"Marwan ya ce shi ba ruwansa, ko wace ce baiwarsa ce."

"Ce masa bawa ba ya zaɓar wa uwargijiya suna."

Ta yi dariya tana share ido.

Ranar ɗaurin aure Cha'ibu na sahu na biyu, kaye a aljihun babbar riga. Da aka zo faɗin sunan amarya liman ya ɗan dakata, ya dube shi. Cha'ibu ya gyaɗa kai.

"Jamila 'yar Illa," in ji liman, "wadda ake kira Najaha."

'Yan bayan sahu suka dubi juna, aka shafa fatiha, maganar ta bi iska. Cha'ibu ya ciro bik, ya ɗora kayen a gwiwa, ya ja layi daga sunan ɗan Rukayya zuwa na biyu a 'ya'yan Saratu. A gefe, wurin shaida, ya sa sunansa.