Ma'aikacin Goggo Hajjo

Har yau ban manta ranar da Ardo Buba ya tare ni a bakin rugarsa, can yamma da Roni, ya ce in yi wa kare allurar mutuwa ba. Lokacin ba a daɗe da komawa naira daga fam ba, ina ƙaramin malamin dabbobi a Kazaure. Aikina in bi rugage a kan babur ina yi wa shanu rigakafi. Kare ba ya cikin lissafina.

Karen na ƙanen Ardo ne, Baffa Sale, ana kiransa Duna. Shi ke hana kura ɗaukar maruƙa. Laifinsa ɗaya: cin kashi. An gan shi ya gama ya zo yana shinshina ƙoren nono, matan ruga suka tayar da ƙayar baya, Goggo Hajjo matar Ardo a kan gaba. Baffa Sale yana gefe, ya kasa ɗaga kai. Wallahi ya ba ni tausayi.

Na ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, a ba ni dama tukuna." Na bayyana musu abin da aka koya mana: yunwa na sa kare haka, tsutsar ciki ma, wani kuma sabo ne tun yana kwikwiyo, don uwarsa ma lashe na 'ya'yanta take yi. Na ba shi maganin tsutsa, na ce a riƙa ƙosar da shi, a daina dukansa, duka ba ya hanawa.

Da na koma zagaye na gaba, Duna ya yi ɓul-ɓul, amma hali na nan. Ardo ya ce, "Malam, ka yi naka. Fito da allurar."

Ina ta jan lokaci ina lalube a jaka, sai muka ji murya daga bayan bukka: "Duna! Duna! Zo nan!" Kare ya zabura da gudu yana kaɗa jela. Muka bi shi. Goggo Hajjo ce riƙe da jikanta, yaro ya yi abinsa a ƙasa, tana nuna wa kare da yatsa.

Ardo ya saki baki. "Hajjo! Ke ce?"

Ko a jikinta. Ta ce, "To wa zai kwashe, kai? Ai na jarirai daban ne. Tun yana ɗan mitsitsi nake kiransa."

Baffa Sale ya yi dariya har da zama a ƙasa. Ardo ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, mai da allurarka. Ashe aiki aka ɗauke shi, ni ne ba a faɗa wa ba."

A nan muka shirya: a rufe kashin yara da toka a binne da fartanya, ba mai sake kiran kare, ƙoren nono kuma a rataye su sama. Goggo ta yi ta mita an ƙara mata wahala, amma ta yi. Kafin damina Duna ya daina, ya kuma tsufa a gindin maruƙansa.

Ku da kuke fara aikin nan, in an kawo muku ƙarar dabba, kada ku tsaya wurin maza a ƙofar ruga kawai. Ku nemi izini ku gaida matan gida, ku ɗan zauna. Dabba ba ta iya kare kanta, kuma sau da yawa wanda ya fi ɗaga murya a kanta shi ya koya mata.