Jar fitilar Malam Yusha'u

Malam Yusha'u bai iya zama wuri ɗaya ba. Da sassafe yake tasowa daga Malali a kan keke, batirin mota ɗaure a baya, ya iso makarantar koyon haɗa magani yana faɗa tun bai jingine keken ba. Wata mai zuwa zai yi ritaya, amma har yau in ka gan shi sai ka rantse gobara za shi kashewa.

Kalma biyu ce ta hana shi sakat. Ya ce, "Kun gane?" aji ya amsa baki ɗaya, "Mun gane!" Shi kuwa ya san kunya ce ke magana. Ga shi gobe waɗannan ɗaliban ne za su auna wa jarirai maganin zazzaɓi a ƙauyukan da babu likita.

Sai ya ja wayar lantarki daga batirin nan. Ƙarƙashin kowane tebur ya kafa makunni biyu, a gabansa kuma allo mai ƙananan fitilu. Wanda ya gane ya danna kore, wanda bai gane ba ya danna ja. Ba mai ganin hannun wani.

Ranar da yake koyar da awon magani gwargwadon nauyin yaro, allo ya yi kore shar, sai ja guda ɗaya. Ya sake bayani. Ja na nan. Ya kuma sakewa, yana kai da kawo, alli na karyewa a hannunsa.

Wata ɗaliba, Hansai, ta gaji. "Haba Malam, jarrabawa fa ta matso. Mutum ɗaya zai tsare mu?"

"Mutum ɗayan nan gari guda za a damƙa masa," in ji Malam. "Ba inda za mu."

Sai da aka kwana biyu a kan darasin kafin jan ya koma kore.

Mai jar fitilar Ja'afaru ne, dattijon ajin, wanda gara ƙasa ta tsage ya shige da ya ɗaga hannu gaban sa'o'in 'ya'yansa. Yanzu shi ke riƙe da ɗakin shan magani a wajen Katabu, iyaye mata na miƙa masa jariransu hankali kwance.

Malam, gatan mai kunya, Allah ya saka maka da alheri. Malamai kuma su koyi wannan daga gare ka: kai ne ka ja wayar, ka san teburin tun dannawar farko, amma har aka gama darasin ba ka dubi wajen Ja'afaru ba ko sau ɗaya.